Saurin Wutar Lantarki a Cikin Waya: Bayani Domin Amfanin Jama'a

Kowa ya san cewa da an danna makunni sai fitila ta kama. Abin ya zama jiki, har ba safai mutum yakan tsaya ya tambayi kansa abin da ya taso daga makunni ya isa ƙwan fitila ba, balle ya tambayi tsawon lokacin da ya yi a hanya. Masana kuwa sun shafe fiye da shekara 150 suna bin diddigin wannan tambaya kafin su gano bakin zarenta. Amsar da suka samu tana da fuska biyu, kuma ya kamata duk mai wutar lantarki a gidansa ko a wurin sana'arsa ya san su, domin rashin saninsu yakan jawo asarar rai.

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanya mai zagayowa, watau ta fita ta waya ɗaya, ta ratsa fitila ko fanka ko rediyo, ta komo ta wata wayar. Wannan hanya ita ake kira da'irar lantarki. Makunni ƙofa ce kurum a kan da'irar: in ya raba bakin wayoyi biyu hanya ta yanke, in ya haɗa su hanya ta cika. To, sa'ad da hanya ta cika, abubuwa biyu suke motsi a lokaci guda. Na farko shi ne saƙon lantarki, watau turin da ke yaɗuwa tare da waya yana tayar da duk abin da ya iske. Na biyu su ne ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikin ƙarfen wayar, waɗanda masana ke kira ilektoron. Saƙon yana gudu kusan daidai da haske. Ƙwayoyin kuwa tafiyar hawainiya suke yi, kai, hawainiya ma ta fi su sauri nesa ba kusa ba.

Gudun saƙo

Haske yana tafiyar kilomita 299,792 a cikin sakan ɗaya, watau kimanin mil 186,000. Da zai bi gewayen duniya, da ya zagaye ta sau bakwai da rabi kafin sakan ɗaya ya cika. Babu wani saƙo da aka sani wanda ya wuce wannan iyaka. A kan manyan wayoyin da ke rataye a turaku, waɗanda iska ce kaɗai ke kewaye da su, saƙon lantarki yana gudu dab da wannan adadi. A cikin wayar da aka naɗe da roba gudun yakan ragu, sau da yawa zuwa wajen kashi biyu cikin uku, watau kimanin kilomita 200,000 a sakan.

Lissafi irin wannan ba ya zama a zuciya sai an auna shi da abin da aka sani. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne ta hanyar mota, tafiyar da takan cinye wa direba yini guda cur, har da ɗoriya. Saƙon lantarki yana gama irin wannan nisa cikin kashi 3 zuwa 5 daga cikin dubu na sakan. In kuwa tsakanin makunni da ƙwan fitila waya ce mai tsawon mita 10, saƙon yana isa cikin kashi ɗaya daga cikin miliyan 20 na sakan. Ƙiftawar ido, wadda ake buga misali da ita wajen sauri, doguwar tafiya ce in an gwada ta da wannan.

Rarrafen ƙwayoyi

Jan ƙarfen da ake yin waya da shi cike yake maƙil da ƙwayoyin lantarki masu yawo a sake tsakanin ƙwayoyin zarrarsa. A cikin ɗan gutsuren jan ƙarfe mai milimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, wanda bai kai ƙwayar gero ba, akwai irin waɗannan ƙwayoyi da yawansu ya kai lamba 85 da sifiri 18 a bayanta. Ba a kawo su daga tashar lantarki ba. Suna nan a cikin ƙarfen tun yana ƙarƙashin ƙasa ba a haƙo shi ba, kuma suna nan ko an kunna wuta ko an kashe.

Yawan nan nasu shi ne dalilin jinkirinsu. Wanda ya tsaya bakin Kwara da rani, a inda kogin ya yi faɗi, zai ga ruwa kamar a kwance yake, alhali kuwa ruwan da ke wucewa a cikin minti ɗaya ya fi gaban abin da ƙorama mai gudu za ta kawo a yini. Haka abin yake a cikin waya. Ma'aunin yawan wutar da ke gudana shi ne amfiya, kuma amfiya ɗaya tana nufin ƙwayoyi masu yawan lamba 6 da sifiri 18 suna wuce wuri ɗaya a kowane sakan. Adadin yana da girma, amma tun da ƙwayoyin da ke cikin ƙarfen sun fi haka yawa, ɗan matsawa kaɗan ya wadatar. In wuta mai amfiya ɗaya tana bi ta wayar da faɗin bakinta ya kai milimita ɗaya murabba'i, ƙwayoyin ba su matsa ko kashi ɗaya cikin goma na milimita a sakan. Cikin awa guda sukan yi kimanin santimita 26, tsawon tafin ƙafar babban mutum ke nan. Katantanwa ta ninka su sauri fiye da sau goma. Ƙwayar da ta taso daga makunni za ta kwana ɗaya da rabi a hanya kafin ta isa fitilar da ke nesa da mita 10, amma fitilar ta daɗe da kamawa.

Wannan ma a wutar batir ke nan, irin ta tocila da ta mota, wadda take bin fuska ɗaya. Wutar gida a Nijeriya mai kai da komowa ce, tana zuwa ta dawo sau 50 a kowane sakan. Saboda haka ƙwayoyin da ke cikin wayar gida ba su zuwa ko'ina. Rawar ɗari suke yi a inda suke, kuma nisan da sukan matsa kafin su juyo bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Babu wata ƙwayar lantarki da ta taso daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, ta bi waya har ta shiga ɗakin wani a Sakkwato ko Inugu. Abin da mai gida yake biyan kuɗinsa shi ne ƙarfin da ke girgiza ƙwayoyin da suke cikin wayarsa tun ranar da ya saye ta a kasuwa.

To, ƙaƙa abu mai rarrafe yake kai saƙo mai gudun haske? Wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa yana kallon jirgin kaya zai tashi ya ga amsar. Da kan jirgi ya ja, sai a ji ƙarar ƙarfe tana bin taragai ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, cikin ɗan lokaci kaɗan, alhali babu taragon da ya matsa taku guda. Jan ne ya yi tafiya. Haka nan in iska ta kaɗa gonar dawa, akan ga kaɗawar tana gudu daga wannan kunya zuwa waccan iyakar gona, amma kowane kara yana nan tsaye a saiwarsa. Waya ta riga ta cika da ƙwayoyi tun daga tasha har fitila, don haka da an tura na farko sai turin ya bi layi.

Sai dai misalin jirgi yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗi inda ya tsaya. Taragai ƙarfe ne ya haɗa su, amma ƙwayoyin lantarki ba su taɓa juna. Abin da ke tura su wani ƙarfi ne da ido ba ya gani, dangin wanda ke sa maganaɗisu ya jawo allura daga nesa. Wannan ƙarfi yana yaɗuwa ne a filin da ke kewaye da wayoyi da tsakaninsu, wayar kuwa tana yi masa jagora kamar yadda dogo ke yi wa jirgi. Masanin nan na Ingila John Henry Poynting shi ne ya bayyana haka da lissafi a 1884. Wannan ne ya sa abin da aka naɗe waya da shi, roba ne ko takarda ko iska kawai, shi ne babban abin da ke yanke saurin saƙo. Ƙarfin wutar ba ya ƙara mata sauri. Saƙon da ke kan wayar da ke ɗauke da bolt 330,000 bai fi na ƙaramin batir gudu ba in an sa su a kan waya iri ɗaya.

Yadda aka gano

Mutanen farko da suka nemi auna wannan sauri da jikin 'yan Adam suka auna. A 1746 wani malamin coci Bafaranshe mai binciken kimiyya, Jean-Antoine Nollet, ya jera masu zaman zuhudu kimanin 200, kowane yana riƙe da wayar ƙarfe da ta haɗa shi da na kusa da shi, sa'an nan ya sakar musu lantarkin da ya tara a cikin kwalba. Duk suka zabura tare, ba a iya cewa ga wanda ya riga wani ba. A 1748 William Watson da abokansa suka miƙa waya mai tsawon ƙafa 12,276 a wani tudu kusa da Landan, suka gwada, suka yanke cewa wuta ba ta ɗaukar lokaci ko kaɗan. Ba laifinsu ba ne. Tafiyar da suke son aunawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 80,000 na sakan ba, su kuwa ido da agogon aljihu ne kayan aikinsu.

Charles Wheatstone ne ya zo da dabara a 1834. Ya ɗauki wayar jan ƙarfe mai tsawon rabin mil, ya bar ɗan giɓi a farkonta da tsakiyarta da ƙarshenta, ya lanƙwaso ta yadda giɓin uku za su jeru wuri ɗaya. In an saki wuta, tartsatsi yakan tashi a kowane giɓi. Sai ya riƙa kallon tartsatsin ta cikin madubi mai juyawa kimanin sau 800 a sakan, ya ga na tsakiya ya ɗan goce daga layin 'yan'uwansa, alamar ya makara. Wannan ne karo na farko da aka gani da ido cewa wuta tana ɗaukar lokaci. Adadin da ya fitar, mil 288,000 a sakan, ya zarce gudun haske, saboda haka ba daidai ba ne, amma madubinsa mai juyawa ya zama kayan aikin da aka yi amfani da shi daga baya wajen auna hasken kansa. A 1850 Fizeau da Gounelle suka gwada a kan wayoyin tangarahon Faransa, suka sami kimanin kilomita 100,000 a sakan a wayar baƙin ƙarfe, da kusan 180,000 a ta jan ƙarfe. A 1857 Gustav Kirchhoff na Jamus ya nuna da lissafi cewa a kan wayar da ba ta da cikas saƙon zai yi gudu daidai da haske, a 1865 kuma James Clerk Maxwell ya bayyana cewa haske da lantarki da maganaɗisu asalinsu ɗaya. Ita kuwa ƙwayar lantarki sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ta. Ke nan an yi shekaru da yawa ana aika saƙon tangaraho daga gari zuwa gari ba tare da an san abin da ke motsi a cikin wayar ba.

Darasin wayar teku

Isowar bakin saƙo daban, isowar saƙon da za a iya karantawa daban. An koyi wannan da tsada a 1858, sa'ad da aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atilantika, daga tsibirin Valentia na ƙasar Ailan zuwa Newfoundland da ke cikin Kanada a yau, nisan da ya haura kilomita 3,000. Gaisuwar da Sarauniya Victoria ta aika wa Shugaban Amurka James Buchanan kalma 98 ce, amma sai da aka yi kimanin awa 16 kafin a gama karɓarta.

Dalili shi ne doguwar wayar da ke kwance cikin ruwa, da siririn danƙo tsakaninta da teku, tana tara lantarki a jikinta kamar yadda busasshiyar hanyar ban-ruwa take shanye ruwan farko. Mai lambu ya san in ya buɗe ruwa a bakin doguwar hanya, sai ƙasa ta sha ta ƙoshi kafin ruwan kirki ya kai fangalin ƙarshe, in ya toshe kuma ruwa zai daɗe yana tsiyaya. Haka kowane bugu na tangaraho ya riƙa isa wancan gaɓar a baje, yana hawa a hankali yana sauka a hankali, dole a jira na farko ya janye kafin a aiko na biyu. William Thomson, wanda daga baya aka naɗa Lord Kelvin, ya riga ya nuna cewa a irin wannan waya in an ninka tsawo sau biyu jinkiri yakan ninku sau huɗu. Shi kuwa jami'in lantarki na kamfanin, Wildman Whitehouse, ya zaci ƙarin ƙarfi shi ne magani, ya tura wa wayar kimanin bolt 2,000. Saƙo bai ƙara sauri ba, danƙon da ke da rauni tun asali ya ƙarasa lalacewa, wayar ta mutu bayan kimanin mako uku. Sai a 1866 aka shimfiɗa wata mai kaurin jan ƙarfe da kaurin danƙo wadda ta ɗore, tana kai wajen kalma 8 a minti. Shekara 20 bayan haka, a 1886, wayar teku ta haɗa Legas da Landan, labarin da a da yakan yi makonni a jirgin ruwa ya koma isa a rana ɗaya.

Inda jinkirin yake bayyana

A cikin gida babu mai jin jinkirin saƙo. Ɗan jiran da akan gani daga kayan aiki yake fitowa: zaren tsohon ƙwan fitila sai ya yi zafi kafin ya yi haske, doguwar fitila takan yi ƙyafta-ƙyafta kafin ta kama, rediyon da kuwa mai kwalabe a ciki yakan ɗauki lokaci kafin ya yi magana. Wuta ta riga ta iso, su ne ba su shirya ba.

A wurare biyu ne jinkirin saƙon kansa yake zama abin damuwa, wurin da nisa ya yi yawa da wurin da lokaci ya yi ƙanƙanta. Tauraron ɗan'adam irin wanda ke tsaye daidai saman wuri ɗaya yana nesa da ƙasa da kilomita 35,786. Muryar da aka aika ta wurinsa, kamar yadda aka fara yi daga tashar Lanlate a 1971, sai ta hau ta sauko, fiye da kilomita 71,000 ke nan, kuma wannan yana cin kusan rubu'in sakan. Tambaya da amsarta suna cin rabin sakan, shi ya sa masu magana ta irin wannan hanya sukan yi ta katse juna ba da niyya ba. Wayar zaren gilashi ta Glo-1, wadda ta haɗa Legas da Ingila, tsawonta kimanin kilomita 9,800 ne, kuma hasken da ke cikinta, mai gudun kilomita 200,000 a sakan, yana gama tafiyar cikin kashi 5 daga cikin ɗari na sakan.

A cikin kwamfuta kuwa lamarin ya juye. Grace Hopper, babbar jami'ar sojan ruwan Amurka kuma ɗaya daga cikin magabatan ilmin kwamfuta, takan raba wa masu sauraronta guntayen waya masu tsawon santimita 30, don su riƙe a hannu iyakar nisan da saƙo zai iya yi a cikin kashi ɗaya daga cikin biliyan na sakan. Kwamfutar da ke bugawa sau biliyan 3 a sakan, tsakanin bugu da bugu haske kansa santimita 10 kawai yake yi, saƙon da ke kan allonta kuwa wajen rabin haka. Wannan yana cikin dalilan da suka sa tilas a matse kayan cikinta kusa da juna, har ma akan ga an lanƙwasa wata siririyar hanya a kan allo kamar tafiyar maciji, don tsawonta ya zo daidai da na abokiyar tafiyarta, saƙonninsu su isa tare.

Abin da ya shafi rai

Jikin mutum ma da saƙon lantarki yake aiki, amma jijiyar da ta fi kowace sauri ba ta wuce kimanin mita 120 a sakan. Kafin mai lafiya ya ji abu, ƙwaƙwalwarsa ta gane, ta umarci hannu ya janye, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya wuce. A cikin wannan ɗan lokaci saƙon da ke cikin waya ya yi tafiyar kilomita 40,000, watau gewayen duniya sau ɗaya. Saboda haka masu ɗan taɓa waya da yatsa don su ji ko akwai wuta, suna cewa za su fizge hannu da wuri, suna tsere ne da abin da babu ɗan'adam da zai iya riga shi.

Daɗin daɗawa, fizgewar ma ba lalle ba ne ta yiwu. Wutar gida in ta kai kashi 10 zuwa 16 daga cikin dubu na amfiya takan ƙanƙame naman hannu, yatsu su dunƙule a kan wayar, mutum yana so ya saki ya kasa. Wannan shi ne abin da jama'a ke nufi in sun ce wuta ta riƙe mutum. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba, in ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya har a rasa rai. Duk wanda ya kama wanda wuta ta riƙe da hannu tsirara ya shiga cikin da'irar nan take. Abin yi shi ne a kashe babban makunnin gida ko a zare filogi. In hakan ba ta samu ba, a tsaya a kan busasshen wuri, a ture wayar ko mutumin da busasshen katako. Wannan kuwa a wutar gida ne kurum. Wayar turaku mai ƙarfi ba a kusantarta da katako ko da wani abu, sai dai a nisanta jama'a a kira ma'aikatan lantarki.

Mutane da yawa suna zaton fis yana kare su. Fis siririn ƙarfe ne da ke narkewa in wuta ta yi yawa, kuma an yi shi ne don kada waya ta yi zafi gida ya kama. Wanda ke cikin filogi mai amfiya 13 ba zai narke ba ko da abin da ke ratsa mutum ya isa kisa, domin adadin da yake jira ya ninka wannan fiye da sau ɗari. Akwai wata na'ura dabam da akan sa a akwatin rarraba wuta na gida, wadda ke gwada wutar da ta fita da wadda ta komo. In ta ga giɓin da ya kai kashi 30 cikin dubu na amfiya, alamar wuta ta sami wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin sulusin sakan ya cika, sau da yawa ma da wuri ƙwarai fiye da haka. Lalle kuɗinta bai kai darajar abin da take karewa ba.

Haka nan nisa ba kariya ba ne. An ɗauke wuta ba ya nufin waya ta mutu, domin wanda zai maido da ita yana iya kasancewa a ƙaramar tashar unguwa, ko a wata jiha, ko a cibiyar kula da manyan wayoyin ƙasa da ke Oshogbo, kuma daga lokacin da ya haɗa layi zuwa lokacin da wutar za ta iso hannun mai riƙe da waya babu tazarar da za a yi ihu a cikinta. Waɗansu layuka ma da kansu suke sake haɗuwa bayan ɗan lokaci in sun yanke. Wayar da iska ta kayar a kan hanya ko a gona, ko da ba ta tartsatsi, a ɗauke ta da rai. Mai gyaran wuta a gida kuma kada ya dogara da cewa babu wuta a unguwa. Ya kashe babban makunni, ya zare fis ya sa a aljihunsa, ya gwada wayar da abin gwaji kafin ya taɓa. Tsawa ma takan faɗa kan waya a nesa, ƙarfinta ya biyo layi ya shigo gida da irin wannan gudu, don haka ba a gyaran waya ko riƙe tarho mai igiya sa'ad da hadari ke walƙiya.

Akwai kuma hatsarin da mai gida ke jawo wa wanda bai sani ba. In aka haɗa janareto da wayoyin gida ba tare da makunnin canji mai raba gidan da layin waje ba, wutar janareton za ta fita ta bi layi a baibai. Taransifomar unguwa, wadda aikinta shi ne sauko da bolt 11,000 zuwa 230 na gida, tana aiki ta kowace fuska, saboda haka za ta ɗauki 230 ɗin ta mayar da shi dubbai a kan wayar da ma'aikaci ya hau turke yana gyarawa da tabbacin an kashe ta. Gida mai farantan hasken rana da batura ma haka yake bukatar a raba shi da layin waje bisa ƙa'ida, kuma wayoyin da suka fito daga farantan suna da wuta muddar rana tana bisa, ko da an kashe kowane makunni a cikin gidan.